Mazauna karkarar Amurka, ku lura da hatimin wasiƙa

A 2025 hukumar gidan waya ta Amurka ta sauya tsarin kwasar wasiƙu. Gidajen wayan da suka wuce nisan mil 50 daga babbar cibiyar tantancewa, ana janye musu motar yamma. Wasiƙar da ka jefa da rana sai ta kwana, motar safe ta ɗauke ta. Ƙauyuka da ƙananan garuruwa abin ya fi shafa.

Matsalar tana wajen hatimi, don wasiƙar da ta kwana ana iya buga mata kwanan watan washegari. In takardar haraji ce ko ƙuri'ar zaɓe, kwana ɗayan nan ba wasa ba ne. Kada ka jefa ta a akwatin bakin titi. Shiga cikin gidan waya, ka roƙi ma'aikaci ya buga hatimin da hannu a gabanka. Kyauta ne.