Wa Ya Ƙago Waƙar?

Bara aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Karu. A ajina akwai wata yarinya 'yar shekara goma, ita ce zabiyar 'yan gaɗa in an fita hutu. Wata rana na ji ta ƙago waƙa a kan wanke hannu kafin cin abinci. Na rubuta, na koya wa aji duka. Ranar da iyaye suka zo aka rera ta, aka yi ta tafi, hedimasta ya yabe ni. Na karɓi yabon ban ce kome ba, yarinyar kuwa tana layin baya tana dubana.

Ban gane girman laifina ba sai da na karanta labarin Esther Jones, wadda a ke kira Baby Esther. Baƙar fata ce daga Shikago ta ƙasar Amurka. Tun tana ƙarama ta ke waƙar jaz, tana saka waɗansu sautuka marasa ma'ana cikin kari, jama'a suna sha'awa ƙwarai. Cikin 1929 har Faris ta yi wasa.

Cikin 1930 kamfanin Max Fleischer ya fito da Betty Boop, watau zanen yarinya mai waƙa a majigi, ta yi suna a duniya. Sai wata Baturiya mawaƙiya, Helen Kane, ta kai ƙara cikin 1932, tana neman dala 250,000, wai salonta aka sace. Da aka zauna shari'a cikin 1934, Lou Bolton, mai kula da wasannin Esther, ya ba da shaida cewa Helen ta kalli wasan yarinyar a Niyok cikin 1928. Alƙali ya ce Helen ba ta tabbatar da cewa ita ta ƙago salon ba, ya kori ƙarar. To, ku duba: kamfani ya kuɓuta da sunan Esther, amma bai sa sunan nan a majiginsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu ma muna da irinta. 'Yan mata a dandali, da yara masu tashe a watan azumi, kullum suna ƙago waƙa, sa'an nan mu ce wai ta gargajiya ce, ba mai ita. Lalle kuwa kowace waƙa akwai bakin da ya fara ta.

Saboda haka in yaro ya kawo waƙa, malami ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin shirin darasi. In za a rera ta gaban jama'a, a faɗi mai ita tukuna.

Ni dai kafin in bar Karu na tsaya gaban aji na faɗi gaskiya. Amma iyayen da suka yi tafi ba su nan.