"Na Yi, Na Yi, Ban Ji Komai Ba": Yadda Tsammani Ke Tare Mana Hanyar Gyaran Zuciya

  



Abin da ya jawo darasinmu na wannan fitowa wata magana ce da wata ɗalibata 'yar ajin matan aure ta yi mini. Ta bari sai da aka tashi daga karatu kowa ya watse, sannan ta matso ta ce: "Malama, ni fa na gaji. Shekara biyu ke nan ina tashi cikin dare, ina azumin Litinin da Alhamis, ga karatun Alƙur'ani. Amma ni ban ji komai ba. Wasu in ana karatu sai kuka, ni idona a bushe ƙamas. Wasu su ce sun yi mafarki kaza, ni ko sau ɗaya. Matsalar gidana kuma tana nan inda take. Anya Allah Yana karɓa kuwa?"

Na ce mata: "To ke da kika fara, me kika sa rai za ki gani, kuma a cikin wata nawa?" Sai ta yi shiru. Wannan baiwar Allah ba ta da ƙarancin ibada. Abin da ya kusa kayar da ita shi ne hoton da ta zana a ranta na yadda sakamakon ibadar zai kasance. Kuma na san ba ita kaɗai ba ce.

Mene ne ainihin abin da muke nema?

Malamai suna kiransa tazkiyya, wato tsarkake zuciya. A cikin Suratus Shamsi, aya ta 9 da ta 10, Allah Ya rataya rabauta ga wanda ya tsarkake ransa, Ya rataya taɓewa ga wanda ya turbuɗe shi cikin saɓo. Ƙololuwar wannan tafiya ita ce ihsani, wanda ya zo a hadisin Mala'ika Jibrilu da Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA): bawa ya riƙa bauta tamkar yana ganin Ubangijinsa, in bai kai nan ba ya sakankance cewa Ubangijin Yana ganinsa.

Ki lura da kyau, 'yar uwa. A cikin wannan bayani babu hawaye, babu mafarki, babu buɗin kasuwa. Waɗannan kyauta ce, Allah Yakan ba wanda Ya so a lokacin da Ya so. Matsala takan faro ne idan muka mayar da kyautar ita ce manufa. Ga fuskoki huɗu da wannan tsammani ke zuwa mana da su.

Na farko: tsammanin jin daɗin ibada kullum

Da yawanmu mun ɗanɗani zaƙin goman ƙarshe na Ramadan. Bayan Sallah da sati biyu sai mu ji zuciya ta yi nauyi, daga nan sai mu yanke wa kanmu hukunci cewa mun lalace.

Wannan damuwa ta taɓa kama sahabi Hanzala Al'usayyidi (RA), ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah (SAW). Muslim ya ruwaito cewa ya haɗu da Sayyidina Abubakar (RA) yana kukan cewa shi kam ya zama munafuki. Dalilinsa shi ne, idan suna gaban Annabi yana yi musu wa'azi sai su ji kamar suna ganin Aljanna da wuta ido da ido, amma da sun koma gida sun shiga hidimar mata da 'ya'ya da dukiya sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar gaban Annabi (SAW), bai ce musu sun yi munafunci ba. Ya nuna musu cewa da za su dawwama a kan wancan hali, da mala'iku sun riƙa musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, amma rayuwa lokaci ce bayan lokaci.

To idan Abubakar Siddiƙu yana jin hawa da sauka, ina ga ni da ke masu goyo da girki? Zuciya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sallar da kika yi cikin nauyin jiki, kika tilasta wa kanki don Allah, ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ta yiwu ma ta fi tsira daga jiji da kai a kan wadda kika sha kuka a cikinta.

Na biyu: tsammanin biyan buƙata nan take

Wannan shi ya fi haɗari, domin yana mayar da ibada ciniki. Mace ta ɗauki wuridi don maigida ya fasa ƙarin aure, ko don ta samu haihuwa, ko don a biya mata Makka. Roƙon Allah waɗannan buƙatu ba laifi ba ne, ai ba mu da wanda za mu roƙa sai Shi. Laifin shi ne a ɗora imani a kan biyan buƙatar, in ta biya a ci gaba, in ba ta biya ba a naɗe darduma. Wata ma daga nan sai ta zarce wurin boka, wal'iyazu billahi.

Suratul Hajji, aya ta 11, ta yi maganar mai bauta wa Allah a gefe-gefe. Bukhari ya kawo bayanin Ibn Abbas (RA) a kanta: mutum yakan zo Madina ya musulunta, idan matarsa ta haifi namiji, dawakinsa suka hayayyafa, sai ya yaba addinin. Idan matar ba ta haihu ba, dawakin ba su hayayyafa ba, sai ya kushe shi. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, shin ba mu da irin wannan ma'auni a ɓoye cikin zukatanmu?

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa ana amsa wa bawa matuƙar bai yi gaggawa ba, gaggawar kuwa ita ce ya riƙa cewa ya roƙa ba a amsa masa ba. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta ba ta rasa ɗayan uku: a ba bawa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa sai Lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri gwargwadonta. Kin ga biyu daga cikin ukun nan ido ba ya ganinsu. Ashe mai cewa "ban ga komai ba" kashi ɗaya kawai take dubawa.

Na uku: tsammanin isa da wuri

Wata takan dawo daga wa'azi da zafinta, ta ɗora wa kanta izu biyar kullum, da tsayuwar rabin dare, da azumi ba hutu, ga shayarwa ga aikin gida. Sati uku sai jiki ya ƙi, daga nan har nafilar da ta saba a da ta bari.

Anas (RA) ya ba da labari, kamar yadda yake a Bukhari da Muslim, cewa Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya tarar da igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka ce masa ta Zainab ce, in tsayuwar sallah ta gajiyar da ita sai ta riƙe. Ya sa aka kwance igiyar, ya yi umarni mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Nana A'isha (RA) kuma ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Dubi Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. Yana da shekara 37, yana koyar da ɗalibai wajen 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa ya ga neman suna da girma ya cakuɗu da ita. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo da zuciyarsa, har harshensa ya kasa ba da darasi. A 1095 ya bar kujerar, bai koma koyarwa a makaranta irin wannan ba sai a 1106, a garin Naisabur. Ba ina cewa mu bar gidajenmu ba, mu gidajenmu su ne fagen namu jihadin. Abin lura shi ne, malami kamar wannan ya shafe wajen shekara 11 yana fama da zuciyarsa, mu kuma muna so mu gama da tamu a azumi ɗaya.

Mu mata mun san ƙunshi. Wadda ta sa lalle ta riƙa kwancewa kowane minti biyar tana duba ko ya kama, ƙarshenta sai ta ɓata zanen, lallen kuma bai kama ba. Wadda ta ɗaure ta haƙura, ko barci ta yi yana aikinsa. Haka zikiri yake da zuciya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu: tsammanin tafiya ba tangarɗa

Wannan ya shafe mu mata musamman. Ki shirya wa goman ƙarshe, sai al'ada ta zo a daren 21. Ki fara hadda, sai laulayi, sai jego, sai yaro ba lafiya. Sai ki ji kamar an rufe miki ƙofa.

A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Nana A'isha (RA) ta fito tare da Annabi (SAW). Da suka iso Sarif, kusa da Makka, sai al'ada ta zo mata. Annabi ya shigo ya same ta tana kuka. Ya lallashe ta, ya nuna mata cewa wannan abu ne da Allah Ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata, ta yi duk abin da alhaji ke yi ban da ɗawafi har sai ta yi tsarki. Bayan an gama Hajji ya sa ɗan uwanta Abdurrahman ya kai ta Tan'im ta ɗauko haramin Umra. Wurin nan shi ne inda masallacin da ake kira da sunanta yake a yau, inda alhazanmu ke zuwa ɗaukar harami. Abin da ta yi wa kuka ya zama sauƙi da ilimi ga matan al'umma har gobe.

Wadda ta bar sallah a kwanakin al'ada umarnin Allah ta bi, kamar yadda ta bi umarninSa ranar da ta yi sallar. Zikiri, istigfari, salatin Annabi, sadaka da sauraron karatu duk a buɗe suke gare ta.

To, a daina sa rai ke nan?

A'a, ko kusa. Yanke ƙauna daga rahamar Allah babban zunubi ne, kuma hadisi ƙudusi ya koya mana cewa Allah Yana tare da zaton da bawanSa ke yi maSa. Amma akwai bambanci tsakanin kyautata zato da gindaya sharaɗi. Mai kyautata zato tana cewa: "Ubangijina ba Zai tozarta aikina ba, Shi Ya san lokaci, Shi Ya san abin da ya fi mini." Mai sharaɗi kuwa ita ta zaɓi abin da za a ba ta, ta zaɓi ranar, in aka saɓa ta yi fushi. Ta farko baiwa ce a ƙofar Ubangijinta. Ta biyu ta ɗauki kanta mai bin bashi.

Abin da za mu riƙe

1. Ki gyara farilla tukuna: sallah a kan lokaci, da tsarki ingantacce, da natsuwa. Nafila ba ta tsayuwa sai a kan wannan tushe.

2. Ki zaɓi kaɗan da za ki iya riƙewa ko ranar da baƙi suka cika gida: shafi biyu na Alƙur'ani, zikirin safe da yamma, wutiri kafin barci. In ya zauna, sai ki ƙara.

3. Ki sauya ma'auni. Maimakon "me na ji?", ki tambayi kanki: Bakina ya rage gulma? Ina iya haɗiye fushi a kan yara da 'yar aiki? Ina yi wa abokiyar zamana adalci a bayan idonta? Suratul Ankabut, aya ta 45, ta nuna cewa sallah tana hana alfasha da abin ƙi. Can ake neman alamarta.

4. Ki daina auna kanki da wasu. Ba ki san abin da ke tsakanin mai kuka da Ubangijinta ba, ita ma ba ta san naki ba. Wanda ya ga abin alheri a mafarki ya gode wa Allah, wanda bai gani ba bai rasa komai na addininsa ba.

5. Ki ɓoye abin da zai ɓoyu. Da zarar an fara kiranki "ustaziya", sai tsammanin mutane ya hau kan naki, ki koma kina kare suna maimakon gyara zuciya.

6. Bayan kowace ibada ki roƙi karɓa, ki yi istigfari, sannan ki bar wa Allah sauran.

Ita ɗalibar tawa, da muka zauna na tambaye ta yadda take da uwar mijinta yanzu, domin na san a da ba sa ga maciji. Ta ce ai ta daɗe da daina mayar mata da magana, har ita ke kai ta asibiti. Na ce: "Shekara biyu da suka wuce za ki iya haka?" Ta girgiza kai. Na ce: "To ga abin da tsayuwar darenki ta haifar, kina can kina jiran mafarki." Matsalar gidanta ba ta gushe ba har yau, muna dai taya ta addu'a. Amma ta rage nauyin da ta ɗora wa kanta, kuma ba ta bar tashin dare ba.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya ba mu ikhlasi da dawwama a kan alheri, Ya karɓi ɗan abin da muke yi, Ya yafe mana kurakuranmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.