Yadda Ake Tsamo Jirgin da Ruwa Ya Ci

A ƙasashen bakin teku, irin su Amurka da Ingila, mutane kan cika zaure don sauraron lacca a kan dukiyar da ta nutse. Cikin labaran da suka fi tashe akwai na Atocha, jirgin Sifaniya da guguwa ta kifar a 1622 kusa da Fulorida, maƙare da azurfa da zinariya. Wani Ba'amurke mai suna Mel Fisher ya shafe shekara 16 yana nemansa kafin ya dace a 1985. Kunnen mai sauraro kan tsaya ne a kan zinariyar, ya manta da cewa a 1975 ɗaya daga jiragen neman ya kife, ruwa ya ci ɗan Fisher da matar ɗan da wani mai nutso.

Mutumin garin Gwangwan, a ƙasar Kano, ba shi da teku. Amma tun 1992, da kamfanin Julius Berger ya kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, mai tsayin mita 42 da tsawon kilomita 7.8, ya sami babban ruwa a maƙwabta. Inda duk aka haɗa babban ruwa da kwale-kwale kuwa, wata rana sai an yi nutso. Abin da ke sauka ƙasa a nan ba zinariya ba ce: buhunan masara ne, da babur, da taru, da injin jirgi, wato jarin wani bawan Allah gaba ɗaya. Dabarar tsamo su ita ce dai ta manyan jiragen teku, girma ne kawai ya bambanta. Ƙarfin damtse ba ya fito da jirgi. Ruwan da ya haɗiye shi, shi ake wa wayo ya dawo da shi.

Kafin komai, mutane. Idan akwai rai a cikin ruwa, babu mai maganar kaya, kuma a sa wani ya kira hukumar kashe gobara tun a lokacin, ba sai an gaji ba. Jama'ar Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, aka rasa sama da mutum 20, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar Maulidi. Lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Duk abin da zai biyo baya a nan, aikin bayan an gama da mutane ne.

Matakin farko shi ne riƙe wurin, kuma nan aka fi yin sakaci. Fuskar ruwa ba ta ajiye sawu. Wanda ya rantse cewa "daidai nan ne" yakan kauce da taku ɗari, don iska ta riga ta tura kwale-kwalen da yake tsaye a kai. Abin da ake yi shi ne a ɗaure dutse mai nauyi da igiya, a ɗaura jarka a ɗaya bakin, a saki a wurin. Sannan a ɗauki shaida daga tudu: a nemi abu biyu da suka hau layi ɗaya, misali wata kuka da hasumiyar masallaci a bayanta, a juya wani gefen a sake neman wasu biyu. Inda layukan nan suka haɗu, nan ne wurin, ko da yara sun kwance jarkar da dare. Mai babbar waya ya adana wurin a taswirarta, amma kada ya raina shaidar tudu, don ita ba ta neman caji.

Na biyu, a yi ciniki tun a tudu, a gaban Sarkin Ruwa ko mai unguwa. Masunta ne za su shiga, su suka san ruwan, kuma rai za su sa a ciki. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tanadar wa irin wannan aiki babi, shi ne ji'ala: a yanka lada a kan abin da ya ɓata, in an kawo shi a biya, in ba a kawo ba babu komai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hukuncin. Kamfanonin ceton jiragen teku ma a kan wannan ƙa'ida suke tafiya, da takardar yarjejeniyar Lloyd's ta Landan da aka daidaita tun 1908. Ni dai ina ganin ya kamata mai kaya ya ɗauki nauyin man jirgi da abincin masu aiki ko an samu ko ba a samu ba. Wanda ya san zai koma gida hannu rabbana idan bai samo ba, shi ne ke ƙara nutso ɗaya bayan numfashinsa ya ce masa ya isa.

Sai lalube. Ruwan dam, musamman da damina, jajawur yake da laka, ido ba ya gani fiye da kamu ɗaya ko biyu. A wuri marar zurfi gora ta isa: a riƙa soka ta, taɓo yana amsawa da laushi, katako da ƙwanƙwasa. A mai zurfi sai ƙugiya, wadda maƙeri zai lanƙwasa daga rodi mai yatsu uku ko huɗu. Ana jan ta a hankali daga jarkar shaida, layi bayan layi, kamar mai huɗa, ba a tsallake kunya. Ƙasan dam dā gonaki ne da fadamu, saboda haka ƙugiya za ta kama kututture da tsohon taru sau da yawa kafin ta kama jirgi. Gwani yana gane bambancin a tafin hannunsa, daga yadda igiyar ke motsi.

In ta kama, mai nutso ya bi igiyar ƙugiyar ya sauka, da wata igiyar a ƙugunsa wadda mutum ɗaya ke riƙe da ita a sama, ba ya wani aiki sai wannan. A yi alama tun kafin a shiga: fizga ɗaya lafiya, fizga uku a jawo ni. Ya riƙe wuƙa mai kaifi, saboda tsohon taru ya fi kada kisa. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara wa jiki nauyin da ya kai na iskar sararin sama gaba ɗaya, shi ya sa kunne ke zafi. Maganinsa a toshe hanci a hura a hankali tun zafin bai yi yawa ba, kuma mai mura ya haƙura. Akwai ɗabi'u biyu da nake so matasa su bari. Ɗaya ita ce jan numfashi da sauri sau da yawa kafin nutso: tana kashe ƙararrawar da ke gaya wa mutum ya fito, sai ya suma a ƙasa ba tare da ya ji komai ba. Ɗayar ita ce shaƙar iska ta tiyo daga injin masu faci. Iskar na iya zuwa da hayaƙi da mai, kuma wanda ya shaƙe ta a ƙasa ya taso yana riƙe da ita, za ta kumbura ta fasa masa huhu. Iya ruwa fid da kai. Wurin da ya fi ƙarfin numfashi ɗaya, aikin masu tukunyar iska ne da suka sami horo.

Aikin mai nutso na farko sauke kaya ne. Buhu ɗaya-ɗaya, a ɗaure a ja. Inji a kwance shi a fitar da shi daban. Katako a cikin ruwa ba shi da wani nauyin kirki, kaya da ƙarfe ne suka danne shi, don haka sau da yawa da an sauke lodi sai ka ga kwale-kwalen ya fara motsi da kansa.

Idan bai motsa ba, to taɓo ne ya riƙe shi, kuma riƙon taɓo yakan fi nauyin jirgin kansa. A nan ne masu gaggawa ke tara ƙarti ashirin su ja da igiya ɗaya, su ɓalle goshin jirgi su bar gangar a ƙasa. Abin yi shi ne a tona ƙarƙashinsa a wuri biyu, gaba da baya, a zura igiyoyi masu kauri su zagaye cikinsa. A kawo manyan kwale-kwale biyu a jera su a samansa, a gitta azara ko itace mai ƙarfi a tsakaninsu, a ɗaure. Sai a loda musu buhunan yashi, ko a bar ruwa ya shiga cikinsu, har su nutsa saura kaɗan. A lokacin ne ake ɗame igiyoyin tamau a jikin itacen. Daga nan a fara sauke yashin ko kwarfe ruwan, gefe da gefe daidai wa daida. Jiragen da ke sama suna tasowa, suna ɗago na ƙasa. Ba zai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, amma ya isa: ya rabu da taɓo. A tuƙa a hankali zuwa gaɓa har ya sake taɓa ƙasa, a sake lodi, a sake ɗamewa, a sake saukewa.

Haka mutanen Suwidin suka yi wa Vasa, jirgin yaƙin sarkinsu da ya kife a tashar Stockholm a 1628, a tafiyarsa ta farko, a zurfin mita 32. Bayan Anders Franzén ya gano shi a 1956, masu nutso suka haƙa ramuka shida a cikin laka a ƙarƙashinsa, cikin duhu, jirgin na bisa kansu. Aka zura wayoyin ƙarfe aka ɗaure a manyan tankuna biyu masu yawo a kan ruwa, a cika su da ruwa, a ɗame, a zuƙe. A 1959 aka riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa wuri marar zurfi, bai leƙo sama ba sai ranar 24 ga Afrilu, 1961, bayan shekara 333.

In babu manyan jirage, jarka da duro sun wadatar, kuma lissafinsu mai sauƙi ne: kowace lita ta iska tana ɗaga kilo ɗaya. Jarka mai lita 25 za ta ɗaga kusan kilo 25, duro mai lita 200 kusan kilo 200 in an cire nauyinsa. Babu mai iya danna jarkar iska zuwa ƙasa, saboda haka a cika ta da ruwa, a saukar, a ɗaure bakinta yana kallon ƙasa a buɗe, sannan a hura mata iska ta tiyo daga sama. Nan ne injin mai faci ke da amfani. A kula: iskar da aka hura a mita 10 tana ninka girmanta kafin ta iso sama, don haka abin da ya taso a hankali zai ƙara gudu. Kada kowa ya tsaya a samansa ko a ƙarƙashinsa.

Da bakin jirgi ya fito fili, sai kwarfa da bokiti, a toshe ɓaraka da tsumma a kai shi tudu. Inji shi ne ba ya jira, don da ya sha iska tsatsa ta fara. A cire fulogi, a juya shi ya amayar da ruwa, a zuba mai a sake juyawa, a wanke kafireto, a tayar da shi ranar. In an ji ƙarar yashi a ciki, a tsaya, a kai wa bakanike ya warware shi. Hatsin da ya kwana a ruwa a shanya nan take, wanda ya fara wari kuma kada ya ga kasuwa.

Saura tambayar da ke raba zumunci: na wane ne? Nutsewa ba ta cire mallaka. Kayan da aka san mai shi nasa ne, mai nutso ladansa zai karɓa. Wanda ba a san mai shi ba tsintuwa ne, a yi cigiya har shekara, a ƙofar masallaci da ranar kasuwa. Wani kamfanin Amurka, Odyssey, ya kwaso kusan tan 17 na tsabar kuɗi a 2007 daga wani jirgin Sifaniya da ya nutse a 1804. Kotu ta ce na Sifaniya ne, a 2012 aka loda su a jiragen saman soja aka mayar.

Akwai kuma abin da ba na mutum ɗaya ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994: kwale-kwale ne mai tsawon sama da mita 8, mai shekara wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Irin wannan katako ruwa ne ke riƙe da shi, in ya bushe sai ya tsage ya lanƙwashe. Shekara 17 aka yi ana fesa wa Vasa wani sinadari mai kama da kakin zuma kafin a bar shi ya bushe. Don haka idan ruwan Challawa ya ja baya da rani, ko mai haƙar yashi ya taɓo tsohon katako da aka sassaƙa, kada a ja shi zuwa rana, kada a faskara. A rufe shi da jiƙaƙƙen yashi, a gaya wa dagaci, a aika wa ma'aikatan hukumar adana kayan tarihi da ke Gidan Makama a Kano.