Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Arewa a Zamanin Firimiya Sardauna: Waiwaye daga Masarautar Daura

Gabatarwa

Wannan darasi zai dubi tarihin Ma'aikatar Ilimi ta tsohuwar Jihar Arewa a zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wato daga 1954 zuwa 1966, da yadda ayyukanta suka riƙa gangarowa daga Kaduna har su iso masarauta irin ta Daura. Yana da kyau ɗalibi ya lura tun da farko cewa kalmar "jiha" a bakin mutanen wancan zamani tana nufin Arewa baki ɗayanta, daga Sakkwato zuwa Borno, daga Daura zuwa Ilorin. Jihar Katsina ta yanzu ba ta samu ba sai a 1987. A lokacin da ake magana, Daura da Katsina masarautu biyu ne da suka haɗu suka yi Lardin Katsina, ƙarƙashin Razdan guda, amma kowace da sarkinta da En'enta da baitulmalinta.

Dalilin sanya wannan tarihi a cikin darussan Hausa shi ne, yawancin hukumomin da suka raya rubutacciyar Hausa a tsakiyar ƙarni na 20 sun yi aiki ne kafaɗa da kafaɗa da wannan ma'aikata. Haka kuma kwalejojin horon malamai da ake karatu a cikinsu a yau, tushen wasunsu yana komawa gare ta.

Kafuwar ma'aikatar da shugabanninta

Kafin shekarun 1950 babu ma'aikatar ilimi a Arewa, sai dai Sashen Ilimi wanda Turawa ke shugabanta, suna amsa umurni daga Gwamna. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 shi ya buɗe ƙofar naɗa 'yan ƙasa ministoci, kuma a 1952 aka danƙa al'amarin ilimi a hannun Alhaji Aliyu, Makaman Bida, wanda tsohon shugaban makarantar midil ta Bida ne. Da tsarin mulkin 1954 ya mayar da Nijeriya tarayya, sai kowace jiha ta sami Firimiya, kuma ilimin firamare da na sakandare ya zama hurumin jihohi. Daga nan ne ma'aikatar ta tsaya da ƙafarta, da minista a sama, babban sakatare yana biye da shi, sannan jami'an ilimi na larduna.

A 1957 Makaman Bida ya koma Ma'aikatar Kuɗi, Alhaji Isa Kaita ya gaje shi. Shi ma malamin makaranta ne, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a midil ta Katsina, ya kuma yi aikin rediyo a Ankara ta ƙasar Gana a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya riƙe ma'aikatar har juyin mulkin Janairun 1966, saboda haka galibin abin da za a ambata a nan a hannunsa aka yi shi. Wani Bakatsinen da ba a raba sunansa da ma'aikatar shi ne Malam Ahmadu Kumasi, wanda ya jagoranci ilimin manya kafin ya zama babban sakatarenta. Shi kansa Firimiyan ɗan Kwalejin Katsina ne, kuma ya koyar a midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Ke nan mutanen da suka riƙe ragamar ilimi duk sun taɓa riƙe alli, kuma wannan ya bayyana a irin matakan da suka ɗauka.

Daura ba ta samar da ministan ilimi ba, amma tana da murya a majalisar zartarwa. Alhaji Muhammadu Bashar, Wamban Daura, ya riƙe Ma'aikatar Tsara Tattalin Arziki a shekarun da aka shiga shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, shirin da a cikinsa ake ware wa ilimi kasonsa. Shi ne ya gaji Sarki Abdurrahman a gadon sarautar Daura a 1966, ya zauna a kai har rasuwarsa a 2007.

Yadda umurni ke isowa Daura

Abu mafi muhimmanci da ɗalibi zai fahimta shi ne, ma'aikatar ba ita ke gudanar da makarantun firamare da kanta ba. Aikinta shi ne tsara manhaja, da horar da malamai, da aika masu duba makarantu, da ba da gudummawar kuɗi. Gina ajujuwa kuwa, da biyan malamai, da samo yaran da za su zauna a benci, duk nauyin En'e ne a ƙasashen sarakuna, ko kuma na mishan a inda suke da makarantu. Saboda haka takarda kan taso daga Kaduna zuwa ga jami'in ilimi na lardi a Katsina, daga nan ta iso majalisar Sarkin Daura, sarki ya sauke wa hakimai, hakimai su sauke wa dagatai da masu unguwanni.

A wannan mataki na ƙarshe ne ake yin ta. Manomi a ƙasar Zango ko Baure yana ganin ɗansa a matsayin hannun aikin gona da kiwo, kuma yana da makarantar allo wadda ya yarda da ita tun kaka da kakanni. Mutane da yawa sun ɗauki boko a matsayin hanyar raba yaro da addininsa, har akan ɓoye yara ko a tura su almajiranci idan an ji labarin ɗaukar 'yan makaranta. Wannan ya sa sau da dama 'ya'yan masu sarauta da na barorinsu da na ma'aikatan En'e su ke cike gurbin. Wasu masu nazari suna ganin wannan tamkar son kai ne na sarakuna. Wasu kuma suna cewa sarakuna sun ba da 'ya'yansu ne domin talakawa su ga babu cuta a ciki. Kowace magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma sakamakon ɗaya ne: gidajen da suka riga shiga boko su suka riga shiga aikin gwamnati.

Akwai kuma matsalar aljihu. Kuɗin En'e daga haraji da jangali yake fitowa, don haka ƙaramar masarauta irin Daura ba za ta iya gina abin da Kano ko Katsina za su gina ba. Yaron Daura da ya yi fice a elemantare dole ya bar gida ya tafi Katsina, tafiyar kimanin kilomita 80, domin a can makarantar lardi take. Tarihin karatun Muhammadu Buhari misali ne da ya nuna wannan tsani mataki-mataki. An haife shi a Daura a 1942, ya yi firamare a Daura da Mai'aduwa, ya shiga midil ta Katsina a 1953, sannan ya yi sakandaren lardi ta Katsina daga 1956 zuwa 1961, daga can ya shiga soja. Ya shugabanci ƙasa daga 1983 zuwa 1985, da kuma daga 2015 zuwa 2023, ya rasu a 2025 aka binne shi a Daura. A cikin shekarun karatunsa ne aka rushe tsarin midil, aka mayar da shi babbar firamare da sakandaren lardi, wato shekara huɗu a ƙaramar firamare, uku a babba, sannan sakandare ga wanda ya ci jarrabawa.

Me ya sa Arewa ba ta bi sawun Yamma ba?

A 1955 Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, Jihar Gabas ta biyo baya a 1957. Arewa ba ta yi haka ba, kuma wannan shi ne babban abin da ake sukar ma'aikatar da shi. A shekarar samun 'yancin kai, 1960, yaran firamare a Yamma sun haura miliyan ɗaya, haka ma a Gabas, alhali a Arewa, wadda ta fi kowace yawan jama'a, ba su kai dubu 300 ba.

Hujjar gwamnatin Sardauna ita ce, aji ba malami rumfa ce kawai. Arewa ba ta da isassun malamai masu takardar shaida, kuma ba ta son cika makarantunta da baƙi a daidai lokacin da take ƙoƙarin mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa. Saboda haka aka fi mayar da hankali ga buɗe makarantun horon malamai masu daraja ta uku da ta biyu, da sakandarorin larduna, da makarantun sana'a, da kuma tura ɗalibai Ingila da sauran ƙasashe da kuɗin gwamnati. Abin da ya faru a Gabas ya ƙarfafa wannan ra'ayi, domin shirin nasu ya ci karo da ƙarancin kuɗi, har aka dawo da biyan kuɗin makaranta a wasu azuzuwa a 1958. Duk da haka, ba za a ce sukar ba ta da tushe ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta daɗe tana cewa tafiyar hawainiyar ta fi yi wa masu mulki daɗi, kuma 'ya'ya mata na karkara su aka fi bari a baya. Giɓin da aka shiga 1960 da shi bai rufe ba ko bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976.

Ma'aikatar ta fahimci cewa barin firamare a hannun En'e da mishan, kowa na yin gaban kansa, ba zai kai ta gaci ba. A 1961 ta karɓi rahoton wani Bature masanin mulkin makarantu mai suna Oldman, wanda a kansa aka gina Dokar Ilimi ta 1962. Dokar ta tanadi kafa hukumomin ilimi na yankuna, waɗanda za su haɗa makarantun yanki wuri guda, su tsara kasafinsu, gwamnati kuma ta riƙa ba su gudummawa bisa ƙa'ida. Hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu jikokin wannan tsari ne.

Yaƙi da Jahilci da rubutacciyar Hausa

Ta fuskar ɗalibin Hausa, nan ne ma'aikatar ta fi barin tarihi. Tun a farkon shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wato koya wa manya karatu da rubutu da ƙidaya a cikin harshensu. Ana yin ajin ne a zaure ko a gindin bishiya, galibi da rani bayan an kawar da amfanin gona, wanda ya ci jarrabawa kuma a ba shi takardar shaida. Manufar ba ta tsaya ga karatu ba kawai: ana so talaka ya iya karanta rasiɗin harajinsa, ya gane ma'aunin gyaɗarsa, ya kuma san abin da yake zaɓa.

To, wanda ya koyi karatu idan bai sami abin karantawa ba, mantawa zai yi. Domin haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1953, ta yi aiki tare da kamfanin Gaskiya wajen buga ƙananan littattafai masu araha, na boko da na ajami, kan addini da tarihi da kiwon lafiya da noma da waƙoƙi. Ta kuma fitar da jaridun larduna: Himma ta Lardin Katsina, wadda ita ce ta ƙasar Daura, da Sodangi ta Kano, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa domin daidaita ƙa'idojin rubutu da tantance sababbin kalmomi. NORLA ba ta yi tsawon rai ba, an rufe ta a 1959 saboda matsalar kuɗi, aikinta ya koma ga kamfanin Gaskiya, kafin a kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966.

Sai dai akwai wani abin lura. Gwamnatin da ta ɗaukaka Hausa a ajin manya, ita ce kuma ta rage mata matsayi a ajin yara. Jarrabawar shiga sakandare da Ingilishi ake yin ta, aikin gwamnati ma da shi ake samu, kuma Arewa tana gaggawar samun ma'aikata. Saboda haka a shekarun 1960 aka karkata ga fara koyar da yaro da Ingilishi tun da wuri, maimakon a kafa shi da harshen uwa a azuzuwan farko kamar yadda aka saba a elemantare. Ga yaron Daura, wanda bai taɓa jin wani harshe a gida ko a kasuwa ba sai Hausa da ɗan Fulatanci, wannan nauyi biyu ne a lokaci guda: koyon karatu da koyon baƙon harshe. Sai a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa.

Manyan makarantu da ƙarshen ma'aikatar

Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya ba da shawarar kafa jami'a a Arewa, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna ne uban jami'ar na farko. A wannan shekara ce kuma aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya da taimakon hukumar UNESCO, domin samar da malaman sakandare masu takardar NCE. Irin wannan kwaleji ita ta rikiɗe ta zama kwalejin ilimi, kuma wadda Jihar Katsina ta kafa a Dutsin-ma sunan Isa Kaita take ɗauke da shi.

An kashe Firimiya a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, ministoci suka sauka, manyan sakatarori suka ci gaba da riƙon ma'aikatu a ƙarƙashin soja. A Mayun 1967 aka raba Arewa jihohi shida, ma'aikatar ita ma aka raba ta shida, da ma'aikatanta da fayilolinta. Makarantun Daura suka faɗa ƙarƙashin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976, daga bisani suka koma ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina a 1987.

Aikin aji

1. A bayyana rabon aiki tsakanin Ma'aikatar Ilimi da En'en Daura dangane da makarantun firamare kafin 1962.
2. A tattauna hujjojin da suka hana Arewa fara ilimin firamare kyauta a shekarun 1950, tare da auna su da sukar da NEPU ta yi.
3. A nemi dattijo ɗaya a ƙasar Daura wanda ya halarci ajin Yaƙi da Jahilci ko elemantare ta En'e, a rubuta bayaninsa da daidaitacciyar Hausa, a kuma ware kalmomin karin harshen Dauranci da ya yi amfani da su.