Indol da Matsayinsa a Binciken Magunguna

Indol sinadari ne mai zobe biyu manne da juna, ɗaya mai kusurwa shida, ɗaya mai kusurwa biyar da ke ɗauke da naitirojin guda. Bajamushe Adolf von Baeyer ne ya fara samar da shi a 1866, a cikin binciken da yake yi kan shuni. Launin baba da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano ma ginshiƙan indol biyu ne a haɗe.

Jikin ɗan Adam ya san wannan ginshiƙi tun asali. Yana cikin tiriftofan da ake samu a abinci, wanda daga gare shi jiki ke ƙera serotonin mai tasiri kan yanayin rai, da melatonin mai daidaita barci. Wannan ne ya sa masu binciken magunguna suke yawan komawa gare shi, domin akwai gurabe da dama a jiki da siffarsa ke shiga daidai.

A ɗakin gwaji, hanyar da Emil Fischer ya gano a 1883 tana nan daram. Ana haɗa fenilhaidirazin da keton ko aldehaid, a zuba asid, a ɗora a wuta, zobe na biyu ya rufe, amoniya ta fita. Kabon na uku a ƙaramin zoben shi ya fi saurin karɓar sabon reshe, kuma sauya reshe ɗaya kan sauya aikin sinadarin baki ɗaya. Indometasin na ciwon gaɓɓai da sumatiriftan na ciwon ɓarin kai duk a kan wannan ginshiƙi aka gina su.

Sai dai tsirrai sun riga masana nisa. A 1952 aka tace resafin daga saiwar Rauvolfia, ya zama cikin magungunan hawan jini na farko. Waken Kalaba ya ba da fisostigmin na hawan jinin ido, wanda Percy Julian ya haɗa a ɗakin gwaji a Amurka a 1935. Mafi jan hankali shi ne furen nan ɗan asalin Madagaska, Catharanthus roseus. An fara bincikensa ne saboda ana shan ganyensa don ciwon suga. Masana a Kanada ba su ga saukar suga ba, sai suka lura fararen ƙwayoyin jinin dabbobin gwaji sun ragu ƙwarai. Daga nan aka samo vinblastin, sannan vinkiristin, wanda aka amince da shi a 1963, kuma har yau yana cikin manyan magungunan sankarar jini ta yara.

A nan ake bukatar hattara. Abin da ganyen ke ɗauke da shi na waɗannan magunguna kaɗan ne matuƙa, sai an tara ɗaruruwan kilo kafin a tace giram guda, kuma ta jijiyar jini kaɗai ake bayar da su. Dafa ganyen a sha ba ya maganin sankara, yana kuma iya cutarwa saboda sauran sinadaran da ke cikinsa. Dangin indol ɗin sun haɗa da sitiriknin, guba mai kisa. Shi kansa vinkiristin, idan aka yi kuskuren sa shi cikin ruwan laka, kusan kullum ajali ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa shirya shi a ƙaramar jakar ƙarin ruwa maimakon sirinji.