Yadda Ake Ƙiyasta Amfanin Gonar Taba da Tauraron Ɗan Adam

A Zimbabuwe, ƙasar da ta fi kowace noman taba a Afirka, sanin yawan ganyen da za a samu tun kafin buɗe kasuwa al'amari ne na kuɗi masu yawa, domin da wannan ƙiyasi ne bankuna ke ba da rance, kamfanoni ke tanadin kuɗin saye, gwamnati kuma ke lissafin kuɗaɗen musaya da za ta samu.

Amfanin kan sauya ƙwarai. A 2000 ƙasar ta samu kilo miliyan 237, a 2008 ya faɗi ƙasa da miliyan 50, sa'an nan ya kai miliyan 296 a 2023. Bugu da ƙari, rabon filaye da aka fara a 2000 ya mayar da noman daga hannun manyan gonaki zuwa ga dubban ƙananan manoma, abin da ya sa zagayen malaman gona ya zama mai tsada da jinkiri. Wannan ne ya sa masana suka koma ga hotunan tauraron ɗan Adam.

Tushen dabarar shi ne, lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske da ido ba ya gani. Na'urar tauraron takan auna hasken biyu, a fitar da ma'aunin NDVI, wanda ke tsakanin -1 da +1. Gwargwadon yawan ganye da lafiyarsa, gwargwadon hawan ma'aunin. Daga nan sai a kwatanta shi da nauyin ganyen da aka auna a wasu gonakin gwaji, a sami amfanin kowace hekta, a ninka da faɗin filin da aka noma. Dabarar ta dace da taba musamman, tun da ganyen da tauraron ke gani shi ne hajar da ake sayarwa, saɓanin masara da ƙwayarta ke ɓoye.

Samun hotunan ya yi sauƙi. Amurka ta buɗe taskar Landsat kyauta a 2008, yayin da Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, ke iya bambance fili mai faɗin mita 10.

Sai dai akwai cikas. Taba na girma ne da damina, lokacin da gajimare ke rufe gonaki, kuma ƙaramar gona kan saje da masarar da ke gefenta. Haka zalika tauraron ba ya ganin ɓarnar da kan auku wajen gasa ganyen, ko darajarsa, wadda ita ke yanke farashi a wurin gwanjo.

Saboda haka, ya kamata mai zuba jari ya tambayi ranar da aka ɗauki hoton, da adadin gonakin da aka auna a ƙasa, kafin ya dogara da kowane ƙiyasi.