Abokai ukku da battar taba

I. Mu karanta

A wani gari na bakin gulbin Maraɗi akwai abokai ukku: maƙeri, tela da mai amalanke. Kullum bayan sallar isha'i sai su haɗu ƙofar shagon tela, su dafa shayi. Kowanensu yana da batta cikin aljihu, cike da garin taba haɗe da kanwa. In an ƙare shayi, sai kowa ya ɗebi kaɗan, ya sa tsakanin leɓe da dasashi. Suna hira suna tofar da miyau.

Wata rana maƙeri ya ji kaushi cikin bakinsa. Ya kira ɗiyarsa, ƴar aji biyar, ta duba masa. Ta ce:

— Baba, akwai farin tabo daidai inda kake sa taba.

Ya goge, tabo bai fita ba. Bayan mako biyu yana nan. Sai ya tafi gidan likita. Lokotoro ya duba, ya tambaye shi:

— Malam, shekara nawa kake cin taba?

— Sun fi 20. Amma ni ban taɓa shan sigari ba.

— Ta ci da ta sha, uwarsu ɗaya. Wannan tabo gargaɗi ne. Irinsa yana iya komawa sankara. Za mu riƙa duba shi. Kai kuwa, ka bar taba.

Maƙeri ya bari, bai gaya wa kowa ba. Kwana biyu ya yi. A dare na ukku tela ya buɗe batta kusa da shi, ƙamshi ya bugo, sai ya miƙa hannu. Ya sake gwadawa, ya sake komawa. Daga nan ya gaya wa abokansa abin da lokotoro ya ce.

Suka yi shiru. Can tela ya ce:

— Aboki, yaya za ka iya bari, mu muna ci gabanka? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu bari tare.

Suka yi alkawari huɗu. Na ɗaya, za su bari ranar Juma'a mai zuwa, kuma kowa zai sanar da iyalinsa. Na biyu, kuɗin taba, dala 20 kowace rana, kowa zai sa su cikin asusu. Na ukku, wanda ya ji ƙwaɗayi ya kama shi zai nemi ɗan'uwansa. Na huɗu, wanda ya koma, ba za a yi masa dariya ba.

Ranar Juma'a suka gina rami, suka zuba taba, suka rufe.

Makon farko ya yi wuya. Tela ya kasa barci. Mai amalanke ya yi ta ciwon kai. Maƙeri ya yi ta faɗa da ɗan zuga ba dalili. In ƙwaɗayi ya taso masa, sai ya ajiye masaba, ya taka har shagon tela. Kafin ya dawo, abin ya sake shi. Suka sauya wurin hira. Suka ɗan bar goro, domin a bakinsu goro yana kiran taba. Suka cika aljihu da aya da dabino, kowa da asuwakinsa.

A rana ta goma mai amalanke ya kai kaya kasuwa. Wani ya miƙo masa batta, ya ji nauyin ƙi, ya ci. Dare biyu bai zo hira ba don kunya. Sai abokansa suka same shi gida. Maƙeri ya ce:

— Ba faɗa muka zo yi ba. Ni sau biyu na koma. Kwana tara da ka yi ba su tafi banza ba. Gaya mana inda abin ya kama ka.

Ya ba su labari. Suka koya masa amsa: «Na gode, na bari.» Kasuwa ta gaba tela ya rufe shago, ya bi shi, suka wuni tare.

Bayan wata ukku suka fasa asusu. Maƙeri ya koma gidan likita. Tabo ya ragu ƙwarai. Lokotoro ya ce ya ci gaba da zuwa ana dubawa.

II. Mu gane

Yara, me ya sa barin taba yake da wuya? Cikin ganyen taba akwai wani sinadari, sunansa nikotin. Asalin taba nahiyar Amurka ne. Wajen 1560 wani jakadan Faransa mai suna Jean Nicot ya aika da ita ƙasarsu. Daga sunansa aka samo kalmar nikotin.

In an sa taba a baki, nikotin yana ratsa fatar baki, ya shiga jini, ya kai ƙwaƙwalwa. Kanwa ko toka da ake haɗawa tana sa ya shiga da sauri. A hankali ƙwaƙwalwa ta saba da shi. Ranar da ta rasa shi, sai mutum ya ji fushi, ciwon kai, rashin barci da yawan yunwa. Wannan ba ragwanci ba ne. Jiki ne yake neman abin da ya saba.

Wahalar ta fi ƙarfi a makon farko. Bayan mako biyu zuwa huɗu tana raguwa. Ƙwaɗayi kuwa, in ya taso, mintoci kaɗan yake yi ya wuce. Shi ya sa aboki yake da amfani: yana tsayawa da kai har mintocin su wuce.

Masu bincike sun samu aƙalla sinadarai 28 masu jawo sankara cikin taba ta ci da ta shaƙa. Tana kawo sankarar baki da ta maƙoshi. Tana cinye dasashi, haƙora su yi girgiɗi. Mace mai ciki in tana ci, tana iya haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi. Ƙaramin yaro in ya haɗiye ta, guba ce gare shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba iri-iri tana kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara. Ranar 31 ga Mayu ita ce ranar yaƙi da taba a duniya. A 2006 ƙasarmu Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba.

III. Mu riƙe

Taba ta ci ma, kamar sigari, tana cutar da lafiya.
Wanda bai fara ba, kada ya ɗanɗana.
Mai son bari ya sa rana, ya nemi abokan tafiya.
Wanda ya koma, ya sake farawa.
Tabo ko gyambon baki da ya wuce mako biyu, a kai shi gidan likita.

IV. Tambayoyi

1. Wa ya fara ganin tabo a bakin maƙeri?
2. Me ya sa maƙeri ya kasa bari shi kaɗai?
3. Ku faɗi alkawura huɗu na abokan.
4. Me abokan suka yi da mai amalanke ya koma?
5. Mene ne aikin kanwa cikin taba?

V. Lissafi

Dala 20 su ne 100 F. Kowane aboki yana sa 100 F cikin asusu kowace rana. Nawa su ukku suka tara cikin kwana 90? Nawa mutum ɗaya zai tara cikin kwana 365?

VI. Aiki

Ku nemi sunan waɗannan da Faransanci: leɓe, dasashi, harshe, haƙori, jini.

A gida, ku karanta wa iyayenku labarin. In akwai babba mai son bari, ku taimake shi da ladabi: ku kawo masa ruwa da asuwaki, ku riƙa ƙidaya masa kwanaki a allo.